Toka da Bahon Yashi

Sabon Tasha, Kaduna

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gidan da kika sauka da waɗanda kuke aiki tare a asibiti. Ni ma lafiya nake, sai ƙafar nan da kika sani. Kowace safiya in na durƙusa ke nake fara ambata, ina roƙon Allah ya tsare ki a garin da ba ki da kowa, ya haɗa ki da masu tsoronsa.

Ba labarin unguwa zan ba ki ba, unguwa tana nan yadda kika bar ta. Wayar da kika yi mini ranar Lahadi ce ta sa na ɗauki biro. Kin ce tun da kuka isa Minna Toka ta ƙi shiga bahon yashi, ta mai da bayan ƙofa wurin fitsari, ta yi kashi a ƙarƙashin gado. Kin ce Hajiya mai gidan ta tsaya a bakin ɗakinki ta ce ita ba ta hana ki ajiye kyanwa ba, amma in warin nan bai daina ba, ko kyanwar ta fita ita kaɗai ko ku fita tare. Na so in ba ki amsa a lokacin, sai dai ni waya ba ta yi mini daɗin magana. Da na ji muryarki sai abin da na tsara ya watse, in koma tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ki karanta a tsanake in kin taso daga aiki.

Ke kin san Toka ne a kyanwa mai tsabta, wadda baƙo zai wuni a gidan bai san da ita ba. Ba haka kawai ta zama hakan ba. Lokacin da muka sha fama ni da ita kina makarantar jinya, hutu kaɗai kike zuwa, kuma kafin ki iso na goge ko'ina. Bari in gaya miki wuraren da na yi tuntuɓe don ki tsallake su, tunda ni ba wanda ya tsaya mini a ka da maganar kora, ke kuwa an tsaya miki.

Kin tuna babanki ne ya kawo ta a kwali tana 'yar mitsitsiya, saboda ɓerayen da suka addabi buhunan masarata a gidanmu na Gonin Gora. A can akwai fili, akwai ƙasa. Takan je gindin gwaiba ta tona ta yi abinta ta rufe, ba wanda ya taɓa tambayar ina take zagayawa. Da babanki ya rasu, yayanki Ishaya kuma ya koma Fatakwal, gidan ya yi mini girma, ga nisa da kasuwa, sai na dawo wannan benen. Nan kuwa daga ƙofar gida har gindin matakala siminti ne, ga karnukan mai gida a sake. Dole na kulle ta a sama. Wata mai sayar da roba a kasuwa ta ce in zuba mata yashi a baho. Na zuba, na nuna mata, na ɗauka shi ke nan.

Ranar farko da na dawo na tarar ta yi a kan tabarma, na ɗauki tsintsiya na zane ta. Washegari ta sake, na kama wuyanta na goga mata hanci a wurin, don haka na ga ana yi. Bai amfana komai ba. Abin da ta koya shi ne tsorona. Ta daina yi a fili, ta koma inda ido ba ya kai, bayan kabad, cikin kwandon kayan wanki. Kuma ta daina tarbata. A da tun ina matakala nake jin kukanta a bayan ƙofa, sai ya zama in na sa makulli gudunta nake ji. Wata rana da yamma na zuba tuwo na zauna, na ware mata kifi a murfin kwano, na kira ta har na gaji. Tana saman kabad tana kallona, ta ƙi saukowa. A gidan nan duka mu biyu ne masu numfashi, ga shi na sa ɗaya tana gudun ɗaya. Tuwon nan ban iya cinye shi ba.

An daɗe kafin ta yarda da ni kuma. Ban yi wata dabara ba, daina bin ta kawai na yi. Wata Asabar ina zaune a ƙasa ina tsintar wake, sai na ji nauyi a ƙafata. Ta zo ta kwanta a kai. Ƙafar ta yi tsami, amma ban janye ba har ta tashi don kanta.

Don haka kada ki dake ta, kada ki yi mata tsawa. Na san za ki dawo a gajiye, ƙafa a kumbure, ki buɗe ƙofa wari ya tare ki, ga maganar Hajiya a kunnenki. Ki ajiye jaka, ki sha ruwa tukuna. Abin da ta yi da rana, in kin hukunta ta da yamma ba ta san na mene ne ba. In kuwa kin gan ta tana shinshina wuri tana tona da ƙafa, ki ɗauke ta a hankali ki sa ta a bahon, ki ja gefe ki kau da kai. Ba ta son a zuba mata ido. In ta gama ta fito, ki shafa kanta ki yi mata magana mai daɗi.

Da na ajiye tsintsiya na fara lura, sai na ga yawancin laifin nawa ne. Bahon a baranda na ajiye shi don gudun wari, ban kula ba cewa daidai ƙarƙashin wurin ne janaretan Maman Joy, maƙwabciyarmu ta ƙasa, yake. Wata rana ina shanya ta shiga bahon, tsugunawarta ke da wuya aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Ta yi tsalle ta shige ɗaki, yashi ya watse. Daga ranar ko barandar ba ta ƙara leƙawa ba. Na mai da shi kicin kusa da kwanon abincinta. Ta dubi bahon, ta dube ni, ta fita. Daga baya na yi wa kaina dariya, don ni ma ba zan yarda a ajiye mini abinci a bakin masai ba. Na kai shi bayi, nan kuma hannuna ya saba jan ƙofa in zan tafi kasuwa, sai ta wuni tana neman hanya. A ƙarshe lungun nan na tsakanin ɗakina da naki ya karɓe ta, inda ba hayaniya, ba mai wucewa ta kanta, kuma tana ganin mai zuwa.

Ke ɗaki ɗaya gare ki da bayi a ciki, don haka ba ki da zaɓi da yawa. Kada ki yi gardama da ita a kan wuri. Tunda bayan ƙofa ta zaɓa, ki fara ajiye bahon a nan, ko da zai tare miki hanya. In ta saba, ki riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa inda kike so. Abinci da ruwa su koma can ɗaya ƙarshen ɗakin. In bayi kika mai da shi, ki tokare ƙofar da dutse, ki kuma fitar da shi in za ki yi wanka kada ruwa ya fantsama a ciki. Ranar da za ki yi dogon aiki ki ajiye mata baho na biyu, don in ta ɓata na farko ba za ta koma masa ba.

Sai maganar yashin kansa. Akwai lokacin da hawa bene da buhun yashi ya fara karya mini baya, na je wurin kafintoci na kwaso garin katako, ga sauƙi ga ƙamshi. Ta sa ƙafa ɗaya, ta yi atishawa, ta juya. Na gwada yashin da ake buga bulo da shi, mai tsakuwa, shi kuma yana soke mata tafin ƙafa. Da damina na zuba mata jiƙaƙƙe, ta ƙi. Abin da take so yashin filasta ne, mai laushi, busasshe. Ki shanya shi a rana, ki tankaɗe da tsohuwar rariya, ki zuba da kauri yadda za ta tona ba ta taɓo roba ba. Safe da yamma ki kwashe abin da ta yi da cokalin da kika ware don haka. Toka ta fi mutane da yawa ƙyanƙyami.

Garin neman tsabta kuma na zarce. Na riƙa wanke bahon da maganin nan mai ƙamshi da kuke goge ɗakin marasa lafiya da shi. A hancina daɗi, a nata azaba. Sabulu da ruwa sun isa, sai a shanya. Wurin da ta ɓata kuwa, in ba ki kashe warin ba za ta koma, ko ke ba kya ji ita tana ji. Ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ki matse lemun tsami ki goga, ki bari ya bushe. Ƙarƙashin gadon ki toshe shi da akwatunanki. Kada ki zuba bilic, ruwan nan mai sa kaya fari, a kan fitsarinta. Na taɓa yi a ɗaki a rufe, wani tururi ya taso ya shaƙe ni, na fito baranda ina tari ina hawaye, ba mai miƙo mini ko ruwa.

Akwai kuskuren da na yi kwanan nan, kuma ina jin shi ne ya jawo miki wannan. Da muke haɗa kayanki kin ɗauko tsohon bahonta, shuɗin nan mai tsaga a baki, na ce ki ajiye ki sayi sabo a Minna. Kunya na ji a ce ma'aikaciyar jinya ta sauka a sabon gida da fasasshen baho. So na yi komai naki ya zama sabo, ban yi tunanin ita ba. An sa ta a kwando, an yi ta jijjiga ta a mota, an sauke ta a ɗakin da babu abu ɗaya mai warin da ta sani, aka nuna mata sabuwar roba. Kuma ya kamata in sani, don na taɓa gani. Farkon dawowarmu benen nan ta hau jakar da na adana rigunan babanki ta yi fitsari a kai. Ranar na yi kuka, na ce mugunta ce. Ashe a duk gidan a nan kaɗai ta ji warin da ta sani.

Direban da zai ba ki takardar nan zai ba ki buhu. Tsohon bahon yana ciki, da gangan ban wanke shi sosai ba. Akwai yashi daga wurin masu tipa inda na saba saye, da zanina mai ruwan ganye wanda take kwanciya a kai. Ki shimfiɗa mata zanin nesa da bahon, kuma kada ki wanke shi tukuna.

Yanzu ga wanda ya fi nauyi, ki karanta shi da kyau. Bayan komai ya daidaita, mun daɗe lafiya, sai ta ɓullo da wani hali. Ta shiga baho ta fito, ta koma ta fito, ta ɗiga kaɗan a nan kaɗan a can, tana kuka ƙasa-ƙasa tana lasar jikinta. Na ce tsohon halin ne ya dawo. Ban dake ta ba, amma na share ta, in ta hau cinyata in ture ta. Sai wata safiya ina wanke baki a bayi ta shigo, ta tsuguna a kan farin tayil a gabana. Abin da ya fito ja-ja ne.

Na sa ta a kwandon kasuwa na rufe da zani, na tari keke napep. Wani mutum da ke zaune kusa da ni ya ji kuka ya ce, "Mama, me kika ɗauko haka?"

Na ce, "Kyanwa ce, asibiti zan kai ta."

Ya yi dariya ya ce, "Mutane ma ba su samu sun je ba, sai kyanwa."

Hannuna yana cikin kwandon, ina jin yadda jikinta ke rawa.

Likitar dabbobin mace ce, ba za ta girme ki da yawa ba. Ta danna cikinta, Toka ta yi ƙara. Ta ce, "Tun yaushe take haka, Mama?"

Na ce an kwana biyu.

Ta ce, "Me ya hana ki kawo ta?"

Na ce na ɗauka taurin kai ne.

Ta ce, "Kyanwa ba ta yin abu don ta ɓata miki rai. Mafitsararta ce ta kumbura. Duk sanda ta shiga bahon zafi take ji, sai ta ɗauka bahon ne yake cizonta, shi ya sa take neman wani wuri. Da ta yi a gabanki ma, sa'a kika yi kika gani."

Ta yi mata allura, ta ba ni magani, ta ce in rage mata busasshen kifi mai gishiri, in riƙa ajiye mata ruwa mai kyau a faffaɗan kwano ina canjawa kullum. Ta ce in na ga tana yunƙuri ba abin da ke fitowa sam, kada in bari ta kwana a haka.

To, kafin ki ɗora komai a kan tafiya da baƙon wuri, ki duba ta yadda kike duba marasa lafiyarki. Tana sha? Tana ci? Fitsarin da yawa yake fita ko ɗigo-ɗigo? Tana kuka in za ta yi? Ki tambayi abokan aikinki inda likitan dabbobi yake a Minna tun yanzu, kafin ki buƙace shi. Kuma tunda magani yana kusa da hannunki, kada ki ba ta na mutane, ko da ɓallin farasitamol ne. Likitar ta ce yana kashe su. Ke ma kanki ki ji wannan. Kin gaji babanki wajen cewa lafiya lau ko da jiki yana zafi. In ba ki da lafiya ki faɗa wa wani na kusa da ke, sannan ki faɗa mini, kada in ji daga baya.

Game da Hajiya kuwa, kada ki bi sawuna. Lokacin da nake fama, a kwatar bayan matakala nake zubar da tsohon yashi, daidai tagar Maman Joy. Wata rana ta tare ni a gaban mutane ta ce, "Maman Ishaya, warin kyanwarki ya hana mu buɗe taga." Ta ƙara da cewa a garinsu ba a kwana da kyanwa a ɗaki, don ba a san abin da take komawa ba. Wannan ta biyun ce ta ƙona ni. Na ce mata kyanwata ta fi wasu mutanen tsabta da hali. Muka daina gaisawa. Coci ɗaya muke zuwa, a zumuntar mata benci ɗaya ne tsakaninmu, amma in an tashi kowace ta kama hanyarta. Ni da ba ni da kowa a gidan, na rufe wa kaina ƙofar da ta fi kusa.

Sai da zazzaɓi ya kwantar da ita na sauka da kunu. Ina zaune a ɗakinta iska ta buso ta tagar, na ji warin da hancina. Gaskiyarta ce. Na ce, "Maman Joy, ki yi haƙuri, ban san haka yake zuwa miki ba."

Ta ce, "Ni da kin ce mini to kawai, da magana ta ƙare tun ranar."

Daga nan na riƙa ƙulle yashin a leda ina ba masu kwasar shara. Har gobe ba ta son kyanwa, amma da Toka ta kwanta ciwo kullum sai ta tambaye ni jikinta.

Ki je wurin Hajiya da kanki, kada ki jira ta sake zuwa bakin ƙofarki. Ki shiga ki durƙusa ki gaishe ta yadda na koya miki, ki ce mata tana da gaskiya. Masu sayen hatsina na Tudun Wada da yawa suna da kyanwa a gida, ba ƙinta suke yi ba. Amma gidan da ake salla, fitsari ba ƙaramar magana ba ce. Ki tabbatar mata ba zai kai ga tabarma ko buta ko inda suke alwala ba. Ki tambaye ta inda take so ki riƙa zubar da yashin, ki roƙe ta ta ba ki lokaci. In ɗakin ya gyaru ki kira ta ta shigo ta ji da kanta. A garin nan ita ce babbar da ta fi kusa da ke. Wata rana ita za ki ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Ranar da muke ɗaure kaya kin tsaya da kwandon a hannu kika ce, "Mama, in na tafi da ita, ke fa?" Na ce miki ni ina da kasuwa, ina da coci, ina da maƙwabta. Haka ne, sai dai ban ƙarasa miki ba. Na san yadda ake ji in mutum ya buɗe ƙofa ba abin da ya motsa a ciki. Ni da furfura a kaina na koye shi, kuma da ƙyar. Ke yarinya ce. Za ki wuni kina ganin masu ciwo, wani ki bar shi da rai ki dawo ki tarar an shimfiɗa sabon zani a gadonsa. Ban so ki ɗauko wannan ki shiga da shi ɗakin da ba mai tarbarki ba. Shi ya sa na ce ki tafi da ita.

Gidan kuwa, tunda kin tambaya, ya yi shiru. Har yanzu in zan fita ina tare ƙofa da ƙafa kada ta sulale, sai daga baya in tuna. In na soya kifi hannuna da kansa yake ware kan. Ranakun kasuwa da sauƙi, ana awo ana gardama, kafin in farga yamma ta yi. Lahadi bayan sujada ce mai wuya. Nakan dawo in cire ɗankwali in zauna a baranda ina kallon kekuna suna wucewa, kowanne cike da mutanen da ke da inda za su. Tukunyar ma ban iya rage ta ba tukuna, kullum sai abinci ya saura. Jiya da na ɗaga bahon daga lungun don in sa a buhu, na ga shatinsa a siminti. Na share wurin, na tsaya ina tunanin abin da zan ajiye a can, ban samo ba. Ba don ki damu na faɗa ba. Kin tambaya ne, ni kuma na ce ki riƙa faɗa mini gaskiya, bai kamata in ɓoye miki tawa ba.

A ƙarshen wayar nan kin ce, "Mama, ko dai in ba direba ya dawo miki da ita? Ke kin samu abokiyar zama, ni kuma na huta da maganar Hajiya." Na ce za mu yi magana. Amsata ita ce a'a, ba yanzu ba. Ta tsufa, kuma wannan ce ƙaura ta biyu a rayuwarta. Ta farkon ma ba da wuri ta saba ba. Ki bar ta a ɗakin, kada ta fita tsakar gida sai ta gane nan ne gida. In kin dawo ki zauna a ƙasa kusa da ita, ko ba ki ce komai ba. Ranar da kika ga ta shiga bahon ta tona ta rufe, ki kira ni, ko ina tsakiyar ciniki zan ɗauka.

Duk gajiyar da za ki yi, kada ki buɗe mata ƙofa ki ce ta je ta nemi ƙasa da kanta. Na taɓa yi sau ɗaya da raina ya ɓaci. Karnuka suka biyo ta, ta tsallaka katanga. Na rufe rumfa na wuni ina zagaya unguwa ina kiran sunanta, yara suna bina da ido, kafin na same ta a ƙarƙashin wata matacciyar mota ta yi baƙi da mai. Nan unguwarta ce. A Minna ba ta san ko lungu ɗaya ba.

In kin gwada komai abin ya ƙi, Hajiya kuma ta ce ta gaji, kada ki rasa ɗaki saboda kyanwa. Sai ta dawo. Amma kada ki ba direba. Ki nemi hutun Asabar da Lahadi, ki ɗauko ta da kanki, ki kwana a ɗakinki. Zan yi miki faten acca da yakuwa yadda kike so, da gyaɗa da yawa. Ba zan ɓoye miki ba, akwai gefen zuciyata da yake so ta yi ta ƙin bahon nan, don kawai in gan ku a bakin ƙofa ku biyun. Na san da shi. Yau da safe da nake addu'a na gaya wa Allah kada ya saurari wannan gefen, ya saurari ɗayan.

Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce mamanki ta gode da haƙurinta. Allah ya tsare ki a hanyar aiki da dawowa, ya yi wa hannunki albarka a kan marasa lafiya, ya kare ki daga ciwon da kike jinya. Ya ba ki barci mai daɗi a ɗakin nan, ya sa garin ya karɓe ki. Ya kiyaye mu duka har mu sake ganin juna lafiya. Amin.

Ni ce,
Mamanki